Ƙullin Aya a Aljihun Mai Duba Takalma

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wajen sunan jikar Dakta Bashir a Catford, nan Landan, ina zaune ina cin wainata ban tsokani kowa ba, sai na ji Faisal, ɗan Daktan, yana gabatar da ni ga abokansa. Wai, "Wannan Uncle Sani ne. Shi holiday yake zuwa ana biyansa. Yana wanke wa Turawa takalmi a jirgin ruwa, ya gama ya ɗauki hoto da penguin." Suka kwashe da dariya. Wani mai gemu kamar da biro aka zana masa ya ce, "Uncle, a samo mana irin job ɗin nan mana." Wani kuma ya lura cewa rigar sanyin da ke jikina duk aljihunanta a ɗinke suke, ya tambaya ko sabon yayi ne.

Na ci gaba da cin wainata, don gidan mutane ne. Amma tunda an ce a group ɗinmu kowane dattijo ya rubuto labarin sana'arsa don yara su ƙaru, to ga nawa. Faisal, in Hausar ta yi maka nauyi ka ba mamanka ta karanta maka.

Jirginmu ƙarami ne, ba irin gidajen benen nan masu yawo a teku da wurin ninƙaya da gidan rawa ba. Fasinjojinmu ba su cika tamanin ba, yawanci tsofaffin Turawa 'yan fansho da suka yi booking tun gwiwarsu na aiki. Muna kai su wasu tsibirai can ƙasan tekun Atlantika, inda za ka yi kwana biyar ba ka ga komai ba sai ruwa da aman maƙwabcinka. Tsibiran nan duwatsu ne da wuta ta amayo daga ƙarƙashin teku. Ƙasarsu baƙa ƙirin kamar gindin tukunyar biki, wani wurin har yanzu in ka tsaya kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai na tasowa daga rami. A kansu tsuntsaye ne, ba masaka tsinke. Akwai penguin mai gira rawaya da ke kallonka kamar ka ci masa amana. Akwai wani farin tsuntsu da in ya buɗe fikafikansa ba zai shiga ƙofar flat ɗin council ba ko a karkace. Akwai karnukan ruwa kwance a bakin gaɓa kamar alhazai bayan walima.

Tsuntsayen nan a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawar wurin, don tun da Allah Ya yi su ba su san maƙiyi ba. Ɓera ɗaya in ya sauka daga jirgi, ya isa. Ƙwayar irin ciyawa ɗaya daga lambun wata tsohuwa a Kent, in ta samu ƙasar nan, tana iya kore ciyawar da suke sheƙa a ciki. Shi ya sa doka ta ce ba abin da zai taka tsibirin sai an tabbatar ba ya ɗauke da iri, ko ƙasa, ko ƙwaro. In aka kama jirgi da sakaci, a hana shi sauka a wurin, kuma jirgin da ba ya sauka ba wanda zai hau shi. To wanda ke tsaye tsakanin tsohuwar Kent da tsuntsayen nan, ni ne. Wankin takalmi, in ji Faisal.

Takalmin farko da na taɓa wankewa a jirgi, Baba Issaka ne ya miƙo min shi. Baba Issaka mutumin zangon Takoradi ne a Ghana, tsohon ma'aikacin jirgi, yana zaune a Tottenham. A masallaci muka haɗu lokacin ina wankin zannuwan gado a wani hotel, shi ya yi min hanya. Ya ba ni takalmin roba ƙafa ɗaya, irin dogon nan da muke ba fasinja, ya ce in wanke. Na zage. Na goga, na ɗauraye, na tsoma a ruwan magani, na share, har ina ganin haƙorana a jiki. Na kai masa ina jiran lambar yabo.

Ya juya shi ya kalli ƙasan. Ya zaro wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe daga wuyansa, irin wanda ake sakace wa doki kofato, ya bi tsagin tafin takalmin. Ɗaya, biyu, uku. Ƙwayar iri uku ya jera min a tafin hannu.

"Ɗan Katsina," ya ce, da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "takalmi ya yi kyau na zuwa biki. Amma ni ban aike ka biki ba. Wannan uku, in ya sauka, shi ne zai zama sarki a can. Koma."

Sau bakwai na koma da takalmi ɗaya. A na bakwai na fara tunanin ko a hannun rigarsa yake ɓoye irin.

Kayan aikin ba su da yawa. Burushi mai taurin gashi, ƙarfen sakace kofato, hantsaki irin na cire ƙaya, tocilar goshi, bahon ruwan magani mai launin zoɓon da aka cika wa ruwa, da huba mai siririn baki don zuƙe cikin aljihu da jaka. Kowa zai iya saya a Lewisham da rana ɗaya. Abin da ba a sayarwa shi ne sanin inda iri ke ɓuya. Yana ɓuya a ninkin ƙafar wando. Yana ɓuya a ragar gefen jaka inda ake sa gorar ruwa, da ƙarshen sandar dogarawa, da ƙafar abin ɗora kyamara. Babban gidansa kuwa shi ne mannau ɗin nan na bakin hannun riga da ke cewa kyaat in an ɓamɓare. Duk wanda ya ƙirƙiro abin nan bai taɓa zama da hantsaki awa uku jirgi na lilo da shi ba. Za ka sa ido a kan ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ka kai hantsaki, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, ka tsinci kanka a cinyar wata farfesa.

Baba Issaka yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya wasa da ita. Kafin mu taɓa kayan kowa, ni da shi sai mun tsaya gaba da gaba, ya juye aljihunana, in juye nasa. Kowace safiyar sauka. Ba wai ka shafa ka ce ba komai ba, sai an zazzago aljihun waje kamar kunnen zomo. Na ce masa, "Baba, shekara shida muna tare, me kake nema a aljihuna?" Ya ce, "Ba na nema komai. Ranar da ban nema ba, ranar ne zai kasance."

Fasinja kuwa, kowa da rantsuwarsa. "Ai sabuwa ce fil, ban taɓa sawa ba." Wani ya faɗa min haka a kan wata jaka, na zuƙo harawar da za ta riƙe ragon layya kwana biyu. Wata ta ɓoye tuffa a cikin safa. Wata kuma ta kawo min rigarta tana riƙe da ita da yatsa biyu, ta ce a gidanta ko ƙura ba ta kwana, na ciro mata gashin kare da zan iya haɗa wani karen da shi. Dole ka yi musu da murmushi, don su suka biya kuɗin jirgi, amma ni Allah Ya yi ni da baki, ba na iya barin abu ya wuce.

Wanda bakina ya ja min shi ne Mista Harold, tsohon alƙali. Dogo, da gashin hanci kamar tsintsiya, yana magana kamar kowace kalma sai an rubuta ta a ajiye. Ya ce shi ya riga ya duba kayansa da kansa, kuma a rayuwarsa ba a saba sake duba abin da ya yanke ba. Na ce to, Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyu. Na kwance ninkin ƙafar wandonsa, ga ƙwayar ciyawa zaune daram. Da mai hankali ne sai ya jefa a bokiti ya yi shiru. Ni kuwa na ɗaga ta sama da hantsaki, na zaga falon jirgin da ita kamar na ciwo kofi, na dawo gabansa na rusuna na ce, "My Lord, guilty." Falo ya ɗauki dariya. Kunnuwansa suka yi ja kamar tattasai. Ya ce zai tuna da wannan. Na ce a raina, shi ya sani.

To, a bar Mista Harold a nan, a koma Catford mako uku kafin wannan. Yayata Hanne ta zo daga Dutsin-Ma ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Ita ta goye ni, don haka har yau a wurinta ni yaro ne da zai iya mutuwa da yunwa tsakanin ɗaki da tashar bas. Ranar da zan tafi ta kawo min ƙunshi-ƙunshi, su ƙuli-ƙuli, su aya, su dabino. Na ce, "Yaya, aikina ba ya son irin wannan, ko ƙwaya ɗaya ba a shiga da ita." Ta ce, "Wane irin aiki ne da ɗan Musulmi zai keta teku ba guzuri? Me za a ce na yi?" Na rantse, ta rantse, na yi zaton na ci nasara. A bakin ƙofa ta ce, "Kawo rigar sanyin in riƙe maka ka ɗaura takalminka." Na miƙa mata. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba. Mace irin Yaya Hanne ba a ƙin guzurinta, sai dai ka ƙi sanin inda ta sa shi.

Rigar tana da wani aljihu a ciki, ta wajen haƙarƙari, wanda ban taɓa sa ko tikitin jirgin ƙasa a ciki ba. Na rataye ta a ɗakina na jirgi na manta da ita, don muna da rigar kamfani.

Ranar da abin ya faru, kwana biyu bayan shari'ata da Mista Harold, za mu sauka a wani ƙaramin tsibiri da ba mutum ko ɗaya a kansa. Rigar kamfanin ta jiƙe sharkaf tun jiya, ba ta bushe ba, sai na figi tawa. Injin ɗaya daga kwalekwalen robar da muke kai mutane gaɓa da su ya ƙi tashi, Baba Issaka yana kansa, hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗago ya ce, "Zo in duba ka." Na ce, "Baba, yi aikinka, na duba kaina." Na bubbuga aljihunan waje ya gani. Ya buɗe baki zai yi magana, injin ya yi tari, ya koma kansa. Sau ɗaya ke nan a shekara shida.

Muka sauka. Na taya jan kwalekwale, igiyar rigar ceto ta matse min ƙirji, na ji wani abu ya ce fus, na ɗauka ɗinki ne. Na shige gaba ina jagorantar layi a kan 'yar siririyar hanyar da ke hawa daga gaɓa zuwa inda tsuntsaye suke, tafiyar kamar daga tashar Catford zuwa asibitin Lewisham, amma a tsaye. Ina tafe ina wa'azi. "Kada a ajiye jaka a ƙasa. Kada a zauna. Madam, a ɗaga sandar nan."

A can sama na tsaya ina haki, sai wani abu ya faɗo daga ƙasan rigata ya tsaya a kan takalmina. Ɗan ƙarami, ruwan ƙasa, a yamutse. Wallahi hannuna ne ya yi aikin ba ni ba. Na duƙa, na ɗauka, na hure, na jefa a baki. Sai da na tauna, zaƙin ya zo, sannan hankalina ya zo. Aya.

Na sa hannu a aljihun ciki. Leda a fashe, aljihun a ɓule ta ƙasa, saura 'yan ƙwayoyi a kusurwa. Ƙullin da Yaya Hanne take yi kuwa ba ya gaza cikin hannu biyu. Na waiwaya na kalli hanyar da na biyo. Tun daga bakin ruwa nake shuka.

Ba wanda ya gani. Ko sun gani ma, za su ɗauka tsakuwa ce ko kashin tsuntsu. A duk jirgin nan, daga kyaftin har masu digiri uku-uku a kan tsirrai, ba wanda ya san abin nan kamar ni. Mahaifinmu ya taɓa ba wani aron gefen gonarsa ya shuka aya damina ɗaya. Damina ɗaya. Na yi ƙuruciyata kaf a durƙushe a gefen nan. Ka cire ta yau, jibi ta fito tana gaishe ka. Ganyen ba komai ba ne, 'ya'yan suna ƙasa, kowace ɗaya tana jiran ruwa ta haifi wasu. Ga ƙasa baƙa mai taushi, ga ruwan sama kullum. Ko ni ne aya, nan zan zaɓa.

In na yi shiru, ƙarfe huɗu jirgi zai tashi, in ci gaba da zama Sani mai hantsaki, dodon alƙalai. In na yi magana, aikina ya tafi, wataƙila da izinin saukar jirgin gaba ɗaya.

Na gangara gaɓa wurin Baba Issaka, na buɗe masa tafin hannu.

"Atadwe," ya ce, haka suke kiranta a Ghana. "Ina ka samu?"

"Yayata ce ta sa min a riga. Ta zube a hanya."

"Soyayye ne?"

"Busasshiya ce kawai. Ba a soya ba."

"To yana da rai." Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ni ban duba ka ba da safe, wannan nawa ne, zan faɗa. Sauran naka ne. Ga matan can, je ka gaya masa."

Matar da yake nufi ita ce Malama Ruth, jami'ar da hukumar tsibiran ke haɗa mu da ita ta sa ido a kan saukarmu. 'Yar gajeruwa, ba ta dariya sai da dalili a rubuce. Na je na miƙa mata ƙwaya ɗaya. Ta jujjuya ta ce mene ne wannan. Na ce abinci ne a garinmu, masifa ce a gona. Ta ce nawa suka zube. Na haɗa hannuwana biyu na nuna mata. Ta kalle ni, ta kalli hanyar, ta ɗaga rediyo ta kira kyaftin. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Faisal, ka taɓa ganin tsofaffin Turawa sittin a durƙushe a kan dutse, gwiwoyin ƙarfe na ƙara kamar ƙofar gareji, suna tsintar aya? An ce wanda ba zai iya ba ya koma jirgi, mutum huɗu kawai suka koma. Malama Ruth ta raba hanyar da igiya, kowa da yankinsa. Ni aka sa in riƙa zagayawa da ƙwaya ɗaya a tafin hannu ina nuna musu abin da ake nema, ina bayanin yadda aka yi. Sau sittin na faɗi laifina da bakina. Penguin suna tsaye a gefe da girarsu suna kallona, ban ga laifinsu ba.

Can wajen la'asar na ji an yi gyaran murya a bayana. Mista Harold ne, wandonsa duk baƙar ƙasa, ya aro hantsakina daga hannun Baba Issaka. Ya ɗaga aya ɗaya sama, ya juya a hankali don kowa ya gani, ya zo gabana ya ɗan rusuna.

"Mista Sani," ya ce. "Guilty."

Ba a yi dariya sosai ba, kowa ya gaji. Ya jefa ta a bokiti, ya koma ya durƙusa. Shi ya fi kowa tsinta ranar, wannan ba zan hana shi ba. Mun cika rabin gwangwanin madara babba. Malama Ruth ta tambaye ni ko shi ke nan. Na ce ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake.

Abin da ya fi ƙona min rai a nan Landan ya faru. Aka kira ni ofis, wani manaja da ko kwalekwalen Hyde Park bai taɓa hawa ba ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa a kofin takarda. Ya ce hukumar tsibiran ta rufe wa jirginmu wannan wurin, an yi cancel ɗin saukar baɗi, fasinja suna ta waya. Ya ce sun yaba da gaskiyata ƙwarai. Ya yaba, ya yaba, har ya yaba ni zuwa bakin ƙofa. Na ce masa, da na haɗiye ayar nan na yi shiru da yanzu kana ba ni lambar ma'aikacin shekara. Ya ce ya fahimci yadda nake ji. Bai fahimci komai ba, ko aya bai taɓa gani ba.

Shekarar nan a kasuwar Lewisham na yi ta, ina kankare ɓawon kifi a rumfar wani mutumin Ibadan, hannu a cikin ƙanƙara tun safe. Mutanenmu in sun zo wucewa sai su ce, "A'a, Kyaftin, an dawo tudu?" Har wanda ko wanka a baho yana jin jiri sai da ya tsokane ni. Baba Issaka an bar shi da takardar gargaɗi, duk Juma'a in mun haɗu sai ya juye min aljihu a ƙofar masallaci, a gaban jama'a. Na kira Yaya Hanne na gaya mata abin da guzurinta ya jawo. Na ɗauka za ta yi nadama. Sai ta ce, "To su tsuntsayen ba bayin Allah ba ne? Ai sadaka ce, su ma su ci. Kai dai ba ka iya riƙe abu ba tun kana yaro."

Wata goma sha ɗaya ina kifi, sai ga waya daga ofis, muryar manajan nan kamar an shafa mata zuma. Ashe Malama Ruth ta koma tsibirin ta ga wasu ganye a gefen hanya da ba ta yarda da su ba. Matsalar ita ce wurin yana da tasa ciyawar ta asali mai kama da aya, wadda doka ta hana a taɓa. Ta tura hotuna ga masana, rabi suka ce ita ce, rabi suka ce a jira ta yi fure. Ta rubuto wa kamfani cewa jirgi zai iya dawowa da sharaɗi ɗaya, a zo mata da mutumin da ya zubar, tunda shi ya ce ya girma a durƙushe a gabanta. Na bar manajan ya maimaita sau biyu, na ce layin ba kyau.

Kafin in tafi na shiga shagon wata 'yar Ghana a high street na sayi rariya biyu, irin ta tankaɗen garin tuwo. A filin jirgi aka tambaye ni ta mece ce, na ce kayan aikin kimiyya.

Da muka hau hanyar ban yi minti goma ba na gan ta. Ganyenta ya fi na wurin haske, kore mai ɗan rawaya, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, a tsaye ƙyam da rashin kunya. Wani matashin masani da ke tare da Malama Ruth ya kai hannu zai fizge, na buge hannun. Fizgewa ita ce abin da take so. Ka tafi da ganye ka bar mata 'ya'ya. Ana yanka ƙasa ne a kewaye, faɗin faranti, zurfin kamu ɗaya da rabi, a ɗago gaba ɗaya a zuba a rariya a kan buhu, a tankaɗe a hankali kamar za a yi tuwon baƙi. Abin da ya rage a rariya shi ne gaskiya. Na ɗauko ɗaya, sabuwa, fara, ban kai baki ba wannan karon. Na miƙa wa Malama Ruth. A ramin farko mun samu goma sha ɗaya.

Gindi uku muka tona a shekarar. Shekara ta biyu, ɗaya, ta ɓuya a bayan dutse kusa da sheƙar wani tsuntsu da ya sassare ni a kunne har na gama. Daga nan ba mu sake gani ba, amma har yau duk zuwa, kafin fasinja ɗaya ya sa ƙafa, ni nake fara hawa hanyar nan da rarrafe, da rariyata a baya. Gwiwoyina yanzu sun fi tafin ƙafar wasunku kauri. Hoton da Faisal ya gani na ni da penguin, a durƙushe nake ina aiki, shi ya zo duba ko na yi daidai.

Baba Issaka ya yi ritaya, ya bar min ƙarfen sakace kofatonsa. Har yanzu ba ya kirana Sani, sai Atadwe, jikokinsa ma sun ɗauka sunana ke nan.

Mai gemun biro da ke son job, ka zo flat ɗina ranar Asabar da takalmin da ka sa a wajen suna. Zan ba ka burushi da baho, in zauna da ƙarfena in jira. In ka wuce a zuwa na bakwai, ni da kaina zan kai sunanka ofis. Kuma kafin ka shigo za ka juye aljihunka a bakin ƙofa, in juye nawa, sai dai ni ba ni da abin juyewa. Tun ranar da na dawo daga tafiyar da ayar ta zube na kai duk rigunan sanyina wurin tela a Lewisham na ce ya ɗinke kowane aljihu, na waje da na ciki, ya bi sau biyu.

Yaya Hanne za ta dawo ganin likita wata mai zuwa. Jiya na ji ta a waya da matata, ta rage murya, tana tambaya wai hular sanyin nan da nake tafiya da ita, tana da ninki?